Amsa: Ƙirga tsuntsaye kawai ya isa a ce gyaran tsibiri ya yi nasara?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko yawan zalɓe da balbela da ake gani a tsibirin da aka sake cikewa da ƙasa a fadamar bakin teku ya isa shaida. A gaskiya bai isa ba. Tsuntsu na iya sauka ya yi kiwo ya tashi. Abin da ake bi shi ne sheƙa: nawa aka gina, nawa aka yi ƙwai a ciki, kuma 'yan tsaki nawa suka kai ga tashi.

Kwancin ƙwan waɗannan tsuntsaye kan ɗauki mako uku zuwa huɗu, don haka ziyara ɗaya ba ta nuna komai. Ana zaɓar wasu sheƙu a sa musu alama, a riƙa dawowa kansu. A je da sassafe kuma a taƙaita zama, domin idan iyaye suka firgita suka tashi, rana na dafa ƙwan, hankaki kuma na jira. Wannan shi ya fi damuna da masu ɗoki.

Hoton jirgi maras matuƙi na taimakawa, amma fararen tsuntsaye yake nunawa sosai, masu duhun gashi da sheƙun da ke ƙarƙashin ganye sukan ɓace masa.

Ka kuma lura da tsayin sheƙa daga ruwa, don cikar teku ɗaya mai ƙarfi na iya shafe na ƙasa duka. Sawun ɓera ma a rubuta shi. Kuma a yi shekaru ana bi, saboda bishiyoyin da suke sheƙa a kai ba sa girma a shekara guda.