Wane ne Junkie XL?

Mai tambaya na son sanin ko Junkie XL ƙungiya ce ko mutum ɗaya. Mutum ɗaya ne, ɗan'uwa. Sunansa Tom Holkenborg, ɗan ƙasar Holan, an haife shi a 1967. Da kiɗan rock ya fara, a ƙungiyoyi irin su Nerve, shi ya sa ko da ya koma kiɗan rawa na kwamfuta bai saki jita ba. Saurari faifansa na 1997, Saturday Teenage Kick, za ka ji jita na kururuwa a kan bugun na'ura. Ni dai can na fi jin daɗinsa.

Duniya ta san shi ne a 2002, da ya sabunta wata tsohuwar waƙar Elvis Presley don tallar Nike. Daga baya ya koma kiɗan finafinai a Amurka, har da Mad Max: Fury Road na 2015.