Lofen Sherlock Holmes: wa zai sayi sukarin fada?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni malamin lakwal ne a nan Tawa. Gardama ce ta sarƙe a fadarmu tun daren Juma'a. Wani abokinmu ya zo da tsoffin finafinan Sherlock Holmes a wayarsa, muka kalla muna shan shayi. Ni na ce lanƙwasasshen lofen nan da ke bakinsa haka marubucin ya ba shi tun asali, shi kuwa ya ce ƴan sinima ne suka laƙaba masa. Wanda ya faɗi shi zai sayi sukari da ganyen shayi na wata guda. Sannan, Baba, me ya sa ƴan sandan ciki na finafinan da ba sa rabuwa da lofe? Ko taba na ƙara basira ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Tanadi kuɗin sukarin, amma kada ka miƙa tukuna.

Arthur Conan Doyle, likitan da ya ƙirƙiri Holmes, gwanin binciken laifi na cikin labaransa, a 1887, ya ba shi lofe kam, har uku: baƙi na yumɓu wanda ya sha jiki, shi yake ɗauka in zai yi tunani, wani na saiwar ice, da wani dogo da yake kunnawa ranar da yake jin gardama (da a fadarku yake, wannan ne ba zai sauka daga bakinsa ba). Garin tabarsa a cikin bakin wani takalmin Farisa yake ajiye shi, kuma yana alfaharin ya rubuta ɗan littafi kan yadda ake bambance tokar taba iri 140. Amma ka duba zanen da Sidney Paget ya riƙa yi wa labaran a mujallar Strand daga 1891: lofen miƙaƙƙe ne kamar sillen kara.

Lanƙwasar ta shigo ne ta hannun William Gillette, wani Ba'amurke ɗan wasan dandali da ya fara fitowa a matsayin Holmes a 1899, ya kuma yi wasan sau wajen 1,300. Ka saka kara a baki ka tsaya gaban madubi, za ka gane dalili: miƙaƙƙen lofe na tare baki da rabin fuska, lanƙwasasshe kuwa yana sauka ƙasan haɓa, ƴan kallo na can baya su ga fuskar mai magana. An ɗauki wasan nasa a fim marar murya a 1916, fim ɗin ya ɓace shekara da shekaru, sai a 2014 aka tsince shi a rumbun ajiyar finafinai na Faris. Daga nan Basil Rathbone ya gaji lanƙwasar a finafinai 14 tsakanin 1939 da 1946, kuma ina zaton su ne kuka kalla. Jeremy Brett, wanda ya yi nasa daga 1984 zuwa 1994, shi ya fi kowa komawa ga abin da ke cikin littafi, har da dogon lofen. A wurina babu Holmes kamarsa, ko da yake ƙanena bai yarda ba.

Shi kuwa ƙaton nan mai ruwan ɗorawa, mai baki kamar mazurari, wanda ake zanawa a bangon littattafai, ka san da me ake yin sa? Da duma. Wuyan duman da uwarka ke fafe ludayi da shi, shi ake lanƙwasawa tun yana ɗanye a gona, ya bushe, a dasa masa ƙoƙon farin dutse mai laushi a ciki. Daga Afirka ta Kudu ya shiga Ingila, ya yi tashe bayan yaƙin Bowa na 1899 zuwa 1902. Doyle bai taɓa sa shi a bakin Holmes ba ko sau ɗaya.

Tambayarka ta biyu ita ta fi daɗi. Kyamara tana iya ɗaukar gudu da harbi da kuka, amma ba ta iya ɗaukar tunani. Mutum zaune shiru yana lissafi a ransa, a kan allo tamkar mai jiran mota ne a tasha. Ba shi lofe, sai shirun ya samu aiki. A wani labarin Holmes ya auna wuyar matsala da cewa ta lofe uku ce, ya roƙi abokinsa Watson kada ya yi masa magana na minti 50. Ku ma ai haka kuke: akwai zancen da ke ƙarewa a shayi na ɗaya, akwai wanda sai na uku ya huce ba a rabu ba.

Ni ban fara ganin wannan a tele ba. Kawuna, Allah ya jiƙansa, mai gari ne a wani ƙauyen Adar, kuma yana da ƙaramin lofe na yumɓu mai marikin ƙarfe. In aka kawo masa rigimar iyakar gona, ba ya cewa uffan. Sai ya zaro ƴar jakar fata daga aljihun taguwa, ya murtsuke ganyen a tafin hannu, ya tsince jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya cusa, ya danna da babban yatsa, sannan ya aike ni in ɗauko garwashi a madafa. In na dawo da shi a kan kasko, sai ya ce wannan ya mutu, in sake. Ni ina jin haushi, ashe lokaci yake saye. Kafin hayaƙi ya tashi, masu rigimar sun yi ta zuba don cike shirun, kuma mai ƙarya ya riga ya faɗi magana biyu da ba sa zama a tabarma ɗaya.

Shekaru bayan haka, da na zo Yamai karatu na fara aron littattafan Georges Simenon, sai na ga kawu sanye da kwat. Komisar Maigret ke nan, ɗan sandan ciki na Faris a labaran Simenon, wanda ya fito a littafi 75 daga 1931 zuwa 1972. Shi ba ya bin toka da sawun takalmi kamar Holmes. Yana jera lofunansa a kan tebur, ya zaɓi ɗaya, ya cika a hankali, wanda ake tuhuma na zaune gabansa yana gumi. Jean Gabin ya fito a matsayinsa a fim sau uku daga 1958. Jean Richard ya riƙe shi a tele daga 1967 zuwa 1990. Bruno Cremer ya yi kashi 54 daga 1991 zuwa 2005. Ka lura da Cremer: sau da yawa lofen a mace yake, yana dai juya shi a hannu. Holmes na shan lofe don ya rufe bakin mutane, Maigret don ya buɗe shi.

Batun basira kuwa, a'a. Nikotin na ɗan wartsake mai sha na ƴan mintoci, sannan ya ɗaure shi da igiya. Lofe na jawo kansar baki da ta maƙogwaro ko da ba a haɗiye hayaƙin, kuma kawun nan nawa da tari ya ƙare kwanakinsa. Nijar ma ta kafa dokar yaƙi da taba tun 2006. Su kansu masu fim sun juya baya: Kojak, ɗan sandan ciki na finafinan telen Amurka, alewa mai tsinke yake tsotsa, Holmes na BBC na 2010 filastar nikotin uku ya manna a hannu maimakon lofe uku, kuma a fim ɗin Maigret na 2022 da Gérard Depardieu ya yi, likita ya hana shi sha, yana yawo da lofen babu wuta.

To ga hukunci. Ka faɗi, domin lanƙwasar ba ta marubucin ba ce, sai ka sayi sukari. Abokinka ma bai tsira ba: ya ce ƴan sinima, alhali a dandali aka fara, shekara 17 kafin Gillette ya tsaya gaban kyamara. Ganyen shayi na wuyansa. Gawayi kuwa, mai wayar da ya haddasa gardamar ai shi ne dai abokin naka, sai ya ƙara da shi.