Wane suna zan raɗa wa shafina na intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sarin dankalin turawa da kabeji da karas a kasuwar Farin Gada, ina aika wa masu gidajen abinci a Abuja. Yaron da zai buɗe mini shafin intanet ya ce in sa masa adireshin dankalinturawanajosmaiarha.com, wai don Google ya riƙa nuno ni a sama. Shin in bi shawararsa? Daga wata mai karatu a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Shawarar yaron nan ta yi aiki a da, amma zamaninta ya wuce, domin tun a shekarar 2012 kamfanin Google ya rage wa shafukan da ba su da abin kirki a ciki fifikon da suke samu saboda cusa kalmomin bincike a adireshinsu. Abin da zai ɗaga ki yanzu shi ne abin da ke cikin shafin: farashin buhu, hotunan kaya, ranakun da motarki ke tashi, da kuma yawan shafukan da ke nuni zuwa gare ki.

Ki gwada sunan da kike so ta hanyar faɗa wa abokin ciniki a waya, daga tsakiyar hayaniyar kasuwa, sannan ki ce ya rubuto miki shi. Idan sai kin maimaita sau uku, ko kin tsaya kina jero masa haruffa, to sunan bai yi ba. Wanda aka riga aka san ki da shi a kasuwa, in dai gajere ne, ya fi kowane sabo. Ki guji lambobi da ƙaramin layin da ake sa wa tsakanin kalmomi, domin suna rikita mai saurare idan ana faɗar sunan da baki. Haka kuma haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, suna da wuyar shiga adireshi, yawanci sai a mayar da su b da d da k, don haka ki duba ko ma'anar sunan ba ta sauya ba bayan an cire lanƙwasar.

Tunda masu sayen kayanki duk a gida suke, a ganina adireshin da ya ƙare da .com.ng ko .ng ya fi dacewa da ke, saboda yana shaida wa Google cewa 'yan Najeriya kike nufi. Ƙungiyar NiRA ce ke kula da su, ana kuma yin rajista ta hannun kamfanonin da ta amince da su.

Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ba ta tanadar miki adireshin intanet ba, kowanne da nasa rajistar. Ki tabbata an rubuta adireshin da sunanki da imel ɗinki, kada yaron ya sa nasa ko da amintacce ne, domin haya ake biya duk shekara, kuma sanarwar sabuntawa imel ɗin da aka bayar take zuwa. Idan wa'adi ya wuce ba a biya ba, wani yana iya saye sunan.