Tambaya da Amsa: Manhajata tana aiki a Ubuntu, ta ƙi a Mac

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta 'yar manhaja da harshen C wadda ke kwafe fayil tare da ƙarin bayanan da ke manne da shi, wato xattr. A Ubuntu lafiya lau take aiki. Da na kai ta Mac sai aka ce abin da na miƙa wa getxattr, aikin da ke karanto bayanin, bai cika ba, alhali sys/xattr.h ɗin nan dai na saka. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kama da wane ba wane ba ne. Linux (Ubuntu nau'insa ne) da macOS na Mac duk suna da sys/xattr.h, fayil ɗin da ke bayyana getxattr, amma abin da ke ciki ya bambanta, domin POSIX, ma'aunin da ke daidaita tsarukan aiki irin su Linux da macOS, bai tsayar da ƙa'ida a kan wannan ba, kowa ya yi gaban kansa.

A Linux abu huɗu getxattr ke karɓa: hanyar fayil, sunan bayanin, inda za a zuba shi, da girman wurin. Ta Apple shida take so. Akwai ƙarin position, wanda sai a kan wani xattr na Apple mai suna com.apple.ResourceFork yake da amfani, don haka sifiri za ka sa, sannan options. Lura kuma, babu lgetxattr a Mac, wato nau'in getxattr na Linux da ba ya bin mahaɗin fayil (fayil da ke nuni zuwa wani fayil). In ba ka son a bi mahaɗin fayil, XATTR_NOFOLLOW za ka ba options.

FreeBSD, wani tsarin aikin kwamfuta, ita ma hanyarta daban: sys/extattr.h da extattr_get_file, kuma maimakon "user." da Linux ke so a gaban suna, EXTATTR_NAMESPACE_USER ake miƙawa.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba ya nuna kansa sai manhaja ta fara aiki. Idan bayanin babu shi, Linux lambar kuskure ENODATA take mayarwa, Mac kuwa ENOATTR. Wanda ya duba ɗaya kawai, manhajarsa za ta ɗauki lafiyayyen fayil a matsayin mai matsala. In ka ga tsohon misali da attr/xattr.h, kada ka kwafa. An cire shi daga kunshin attr na Linux, sigar 2.4.48, a 2018.

Shawarata, kada ka watsa #ifdef, umarnin C da ke zaɓar sashen da ya dace da kowane tsari, ko'ina. Buɗe fayil guda, ka rubuta aikinka na karantawa da na rubutawa, ka tara __linux__ da __APPLE__ da __FreeBSD__ a can, sauran manhajar ta riƙa kiran naka. Ka kuma gwada a kan Mac ɗin kanta kafin ka ba kowa.