Amsa ga ɗan'uwa mai lissafin lakar dam ɗin Ajiwa

Kai ɗan'uwa, wlh kamar ni na rubuta tambayar nan. Ka ce SWAT, manhajar lissafin kwararar ruwa da zaizayar ƙasa, na ba ka laka 'yar kaɗan a yankin da ke zuba Ajiwa alhali idonka na ganin ruwa jajir, kuma ba ka da awon da za ka gwada da shi. Ni nawa aikin a kan magudanun cikin Katsina ne masu faɗawa rafin Ginzo.

Ruwanmu cikin awa guda yake juye abin da zai juye, kai kuma jimillar yini ka ba kwamfuta, shi ko MUSLE, tsarin auna laka da ke cikin SWAT, da ƙarfin kwarara yake lissafi, kuma bai san kwazazzabo ba sam. Sannan DEM ɗin SRTM, wato taswirar tudu da gangare da aka ɗauko daga sararin samaniya, kowane ɗigonta mita 30 ne, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu sai ya kai ruwa inda ba ya zuwa, taka da ƙafarka ka gani.

Amma dan Allah ka ɗebi ruwanka da kanka, musamman na farkon damina, shi ke kwaso dattin rani gaba ɗaya. Kuma kar ka bar wa kowa ajiya. Ni cikin dare na shiga kwata har gwiwa, ga leda ga baƙin mai ga abin da ba ya faɗuwa, na cika robobi na kai wa wani mai lab, ya ce ba komai Malam, gobe. Ashe biki ya tafi, ko firij bai sa su ba. Da ya dawo ya zubar, ko kunya babu wai ai ruwan kwata ne in ɗebo wani. Wani ina? Ruwan farko sau nawa yake zuwa a shekara? Shekara guda ya ci min, har yau in na hango shi a kasuwa kwana nake yi.

Ɗebi a farko, da sanda ruwa ya cika, da sanda ya fara janyewa. Tace ruwan, busar da lakar a digiri 105 na Celsius, auna, sai ka ninka da yawan ruwan da ya kwarara. Milimita ɗaya na ruwan sama a hekta ɗaya lita 10,000 ce, amma yashinmu na shanye da yawa. In ka shigo cikin gari koma SWMM, manhajar lissafin ruwan magudanun birni.

Kuma kar ka shiga rafi kai kaɗai, ka dai tuna ambaliyar Jibia a 2018. Ka sayi takalmin roba, kwalabe sun yi yawa a ƙasan.