Tambaya da Amsa: Wayar Awon Osiloskof Ta Yi Mini Tartsatsi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai gyaran talabijin ne a Zariya. Na sayi osiloskof, wato na'urar da ke nuna yanayin wutar lantarki a kan allo, wanda wani ya riga ya yi amfani da shi, kuma a ranar farko da na maƙala ɗan kilif ɗin da ke jikin wayar awonsa a ƙafar babbar kafasita (abin da ke tara wuta) ta sashen wutar talabijin, sai na ji ƙara, tartsatsi ya tashi, bakin kilif ɗin ya narke. Wani abokin sana'a ya ce in cire ƙafa ta uku ta filogin na'urar, matsalar za ta kau. Shin in bi shawararsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka taɓa wannan ƙafa, domin ita ce ta tsaya tsakaninka da wutar a ranar.

Kilif ɗin nan a haɗe yake da ƙarfen jikin osiloskof, ƙarfen kuma a haɗe yake da ƙafa ta uku, wadda ke kai wuta ƙasa. Ita kuwa kafasitar, wutar gida mai bolt 230 ce ke cika ta bayan ta ratsa diyod huɗu, waɗanda ke barin wuta ta bi ta hanya ɗaya kawai, har ta tara kusan bolt 325, kuma ko ƙafarta mai alamar ragi tana ɗauke da wuta idan aka gwada ta da ƙasa. Da ka maƙala kilif a wurin, ka buɗe wa wutar hanya ce kai tsaye zuwa ƙasa. Idan ka cire ƙafar filogin, tartsatsi zai daina, amma duk ƙarfen na'urar zai ɗauki wutar, kuma hannun da ya fara taɓa shi ne za ta ja. Ina kyautata zaton soket ɗin shagon abokin naka ba shi da wayar ƙasa, shi ya sa haɗarin ya ɓoye masa.

Abin da ya dace shi ne ka nemi wayar awo ta difarenshiyal, mai baki biyu, wadda ke auna bambancin wuta tsakanin wurare biyu ba tare da ta haɗa ko ɗaya da ƙasa ba. Idan kuɗinta ya yi maka yawa, ka jona talabijin ɗin ta taransifoma mai raba shi da layin wuta, osiloskof kuma ya ci gaba da zama da ƙafafunsa uku. Ko a hakan kafasitar na nan da wutarta, sai ka sauke ta da rizista, mai rage gudun wuta, kafin ka sa hannu, kada ka yi da sukundireba.

Ka kuma karanta rubutun da ke jikin wayar awon. Da yawa daga masu alamar 10X, wato masu rage wutar da ake aunawa sau goma, iyakarsu bolt 300 ne a rukunin CAT II na awon kayan da ake jonawa a soket, alhali wutar da ke kan taransistan sashen wuta, mai kunna wutar da kashe ta da sauri, takan haura bolt 500, don haka mai alamar 100X ake buƙata a wurin.

Wayar da ta ƙone ka jefar da ita. Kafin ka sake kunna na'urar, ka zare filoginta, ka auna da mita daga ƙarfen da ake jona wayar awo a jikin na'urar zuwa ƙafa ta uku, ka ga ko har yanzu a haɗe suke, domin irin wannan tartsatsi yakan tsinke hanyar ƙasa daga ciki.