Fatawa: Ɗalibin da riyalizim ya kwanta masa a rai

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ɗalibi ne ɗan aji uku a sashen kimiyyar siyasa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke nan Katsina. An ba mu aikin gida, mu kwatanta manyan ra'ayoyin masana kan dangantakar ƙasa da ƙasa, mu faɗi wanda ya fi gamsar da mu. Ni dai riyalizim ne ya kwanta mini a rai, domin haka nake ganin duniya tana tafiya, kuma haka ya kamata kowace ƙasa ta yi: ta riƙe yarjejeniya muddin tana cin moriyarta, ta yar da ita ranar da moriyar ta ƙare. Wani abokina ya ce karatun ma haramun ne. Wani kuma ya ce ai Musulunci ma riyalizim ne, tunda hadisi ya ce yaƙi yaudara ne. Mahaifina ɗan kasuwa ne, yana hulɗa da mutanen Maraɗi ta Jibiya, ba na son ya riƙa kashe guminsa a kan karatun haram. Ina da laifi idan na rubuta abin da na gamsu da shi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi wa karatunka albarka, ya saka wa mahaifinka da alheri.

Karatun halal ne, abokinka na farko ya yi kuskure, kuɗin mahaifinka kuma ba su tafi a banza ba. Fannin nan ba baƙo ba ne a gidanmu. Imam Muhammad ɗan Hasan Shaibani, almajirin Abu Hanifa, wanda ya rasu shekara ta 189 bayan hijira, ya yi rubutu mai yawa kan hukuncin yaƙi da sulhu da aminci tsakanin al'ummai. Nan ƙasar ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Ummarun Dallaje, Sarkin Katsina, littafi kan tushen siyasa. Wannan ya ishe mu.

Abin da ya tsayar da ni a wasiƙarka jumla ɗaya ce, mai ɗauke da magana biyu da ka ɗaure da igiya guda. Ka ce haka duniya take tafiya, sannan ka ce haka ya kamata a yi. Ta farko labari ce, ana auna ta da abin da ido ya gani, ko ka dace ko ka kuskure ba ka da zunubi. Ta biyu hukunci ce, ka halatta saɓa alkawari ke nan, kuma a nan ne fatawar ta sauya. Likitan da ya ce zazzaɓin cizon sauro ya fi kashe yara da damina ya faɗi gaskiya. Ranar da ya ce haka ya kamata, to a raba shi da asibiti.

Ɗauki abin da ya faru a ƙofar gidanmu ka gwada ra'ayoyin da shi. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Nijar. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba su, har aka fara maganar tura dakaru. Na bi hanyar Jibiya a makonnin nan. Na ga manyan motoci a jere a gefen titi, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu suna dafa shayi, kaya na lalacewa a rana. Wani dattijo a unguwarmu, 'yarsa tana aure a Maraɗi ta haihu, ya zo yana tambayata ko yana da laifi idan ya bi ta daji ya je suna.

Mai riyalizim, irin su Hans Morgenthau da ya fito da littafinsa a 1948 da Kenneth Waltz a 1979, zai ce maka duniya ba ta da sarkin da ke hukunta ƙasashe, don haka kowa tasa ta fisshe shi. Shugabannin yankin sun ji tsoron juyin mulki ya yaɗu kamar wutar daji, sojojin Yamai kuma suna kare kujerarsu. Akwai gaskiya a ciki, Alƙur'ani ma ya umarce mu da tanadin ƙarfi. Mai libaralizim zai nuna maka kasuwanci da ƙungiyoyi, ya ce ECOWAS da aka kafa a 1975 ta ba talaka damar ƙetare iyaka ba biza, kuma asarar da 'yan kasuwa irin mahaifinka suka tafka tana cikin abin da ya sa aka janye takunkumin a Fabrairun 2024. Shi ma ya faɗi wani abu, kuma haɗa kai don hana zalunci yana da asali a wurinmu tun Hilful Fuduli, yarjejeniyar kare wanda aka zalunta da aka ƙulla a Makka kafin annabci. Sai dai ka tambaye shi ina Majalisar Ɗinkin Duniya take lokacin da Amurka ta afka wa Iraƙi a 2003, kuma me ya hana Nijar da Mali da Burkina Faso ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025.

Na uku, wanda kuke kira kwanstiraktibizim, shi ne ya fi ba ni sha'awa a wannan misalin. Alexander Wendt ya rubuta a 1992 cewa rashin sarkin duniya ba shi ke haifar da gaba ba, yadda ƙasashe suka ɗauki juna shi ne ke yanke ko su zama abokai ko abokan gaba. To me ya sa Arewa gaba ɗaya ta ce ba ta yarda da yaƙi ba, har malamai suka tashi takanas zuwa Yamai? Lissafin tankar yaƙi ba zai ba ka amsa ba. Bakatsine bai taɓa ɗaukar Bamaraɗe baƙo ba. Sarautar Maraɗi daga Katsina ta fita bayan jihadi, har gobe Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce masa. Mutumin Daura da ke kai gero Mai'aduwa ya san layin da Turawan Ingila da Faransa suka ja bai raba makabarta ba. Masu bin Markisanci kuwa za su kawo maka maganar yuraniyom ɗin Arlit da kuɗin sefa da hannun Faransa. Ka karɓi abin da suka gano na zalunci, ka bar musu aƙidarsu ta cewa abin duniya ne ke juya komai.

Yanzu abokinka na biyu, wanda maganarsa ta fi ta farko haɗari, domin ta zo da rawani. Hadisin ingantacce ne, yana cikin Buhari da Muslim. Amma ya ɗora shi a inda ba wurinsa ba. Yaudarar da aka halatta dabara ce a fagen fama da wanda kuke yaƙi a fili, kamar ka nuna za ka gabas ka nufi yamma, ko ka yi kwanton ɓauna. Imam Nawawi ya hakaito ittifaƙin malamai a kan halaccinta, sannan ya togace wuri guda: idan akwai warware alkawari ko cin amanar wanda aka ba aminci, to ba ta halatta. Abin da aka togace ɗin nan shi ne ainihin abin da kake son rubutawa.

Dubi Huzaifa ɗan Yamani da mahaifinsa. Ƙuraishawa suka tare su a hanya gab da Badar, suka sa su alkawarin za su wuce Madina ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Musulmi a ranar 300 ne da 'yan kai, abokan gaba sun kusa ninka su uku, takobi biyu ba abin rainawa ba ne. Alkawarin kuma an karɓe shi ne daga mutanen da ke hannun maƙiya. Duk da haka Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce su koma, a cika wa Ƙuraishawa alkawarinsu, a nemi taimakon Allah a kansu. Muslim ne ya ruwaito. Wane ɗan riyalizim ne zai sallami mayaƙa a irin wannan rana? A Hudaibiyya, shekara ta 6, Abu Jandal ya iso da mari a ƙafa yana neman mafaka, aka mayar da shi saboda yarjejeniya, sahabbai suna kallo zukatansu na ƙuna. Mu'awiya ma, da ya matso da runduna kusa da iyakar Rumawa don ya auka musu da zarar wa'adin sulhu ya cika, Amru ɗan Abasa ya zo a kan doki yana kabbara yana cewa cikawa ake yi ba ha'inci ba, sai Mu'awiya ya juya da mutanensa.

Abokin naka na biyu zai iya ce maka, to idan su ne za su ci amanarmu fa? Suratul Anfali aya ta 58 ta amsa: idan ka ji tsoron ha'incin wasu mutane, ka jefa musu alkawarinsu a fili, ku zama daidai wajen sanin ya ƙare. Ke nan fita daga yarjejeniya yana da ƙofa, kuma ƙofar ita ce sanarwa. Aya ta 72 ta fi wannan nauyi, domin ta ce ko Musulmi ne suka nemi taimakonku a kan addini, ku taimake su, ban da a kan mutanen da kuke da alkawari da su. Wanda ya karanta wannan ba zai ce Musulunci riyalizim ba ne. Rabon duniya gida biyu, na Musulunci da na yaƙi, da na san zai jawo maka, ijtihadin malamai ne gwargwadon zamaninsu, su ɗin ma sun ambaci gidan alkawari, inda mafi yawan ƙasashen yau suke.

Don haka ka rubuta aikinka. Ka ce riyalizim ya fi bayyana halin manyan ƙasashe idan hujja ta kai ka can, ba ka da laifi, ko a jarrabawa ko a muhawara. Jumlar "haka ya kamata" kuwa ka goge ta daga takarda, ka fara goge ta daga zuciya, domin ganin halaccin ha'inci saɓo ne babba. Ban ce ka kafirta ba, kada wani ya ɗauki maganata ya jefe ka da ita. Ina ma ganin ka zarce malaman da kake bi, domin Morgenthau kansa bai kore kyawun hali daga siyasa ba, kuma ya soki yaƙin da Amurka ta yi a Biyetnam. Ka koma ka karanta shi da kanka, kada ka tsaya a taƙaitaccen bayanin da ake sayarwa a bakin makaranta, kada kuma ka kwafo aikin wani daga intanet ka sa sunanka, wannan ma ha'inci ne.

Tsorona a kanka, ɗana, ba takardar ba ce. Na ga samari da irin wannan tunani ya bi su har ɗaki, suka fara auna aboki da amfaninsa, suka yi wa 'yar mutane alkawarin aure suka watsar da zarar sun hango gidan da ya fi maiƙo. Idan an yi hutu ka bi mahaifinka Jibiya, ka zauna a rumfarsa yini guda, ka ga yadda ake ɗora wa mutum kayan miliyoyi ya ƙetare iyaka ba takarda ba lauya, sai "Allah ya kai mu kasuwa mai zuwa". Ka tambaye shi wa ya biya bashi a watannin da iyaka take rufe, wa kuma ya laɓe da rufewar, da yadda kasuwa ta yi da kowannensu bayan an buɗe. Ka sa amsarsa cikin aikin naka idan malaminku ya yarda da misalin gida. Abokan nan naka biyu kuma ka karanta musu wannan amsa cikin ladabi, ba a gaban jama'a ba.

Allah ne mafi sani.